Ranar da Na Auna Mai Rai a Kwance

Ko da tsufa zai cinye ƙwaƙwalwata har in manta sunan unguwar da na zauna a Doha, akwai rana guda da na tabbata ba za ta taɓa fita daga raina ba, wato ranar da na kwantar da mutum da ransa da lafiyarsa a ƙasa na auna tsawonsa. Shekaru sun wuce, na bar wancan aikin, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina, amma har yau in na je wurin tela ya zaro tef ɗinsa, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Ba zan faɗi sunan kowa ba. Waɗanda suka san labarin sun san shi, waɗanda ba su sani ba kuwa suna ba zai ƙara musu komai ba.

A lokacin ina aikin nas a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Al-Sadd. Yawancin waɗanda muke gani ba majinyata ba ne, ƙarta ne masu jini a jika, 'yan wasan da kulob-kulob ke aiko mana mu duba kafin a sa hannu a kwantiragi. Ɗakin aikina a ƙarƙashin ginin yake, babu taga ko ɗaya, sai farar fitila da sanyin da ke shiga ƙashi, ko da a waje rana tana neman narkar da kwalta. Ni ce mai awo: nauyi, tsawo, jini, sai gwajin zuciya, inda ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji ya yi gudu a kan inji, na'ura tana zana bugun zuciyarsa a kan doguwar takarda. Iyayena 'yan Kudancin Kaduna ne, amma a Zariya aka haife ni, cikin maƙwabta Hausawa na tashi. Kuma ni mai surutu ce, ba na musu. Likitanmu yakan ce in ya ji ɗakina shiru na minti biyar sai ya sauko ya ga ko suma na yi.

Wata Talata da hantsi direban wani kulob ɗin ƙwallon kwando ya turo ƙofata. Dattijo ne Bakatsine, mun saba don shi ke kawo mana 'yan wasansu, Baba nake ce masa. Ya ce, "Sista, yau ɗan gida na kawo miki." Kafin in tambaye shi wane gida, sai na ga mutum ya duƙar da kai yana shigowa, yana ta shigowa kamar ba zai ƙare ba.

"Kai jama'a!" na ce. "Wannan ai sai an ɗauko tsani kafin a gaisa da shi."

Ya tsaya cak, sannan ya ƙyalƙyale da dariya. "Sista, ashe kina jin Hausa?"

"Ji kawai? In ka yi wasa ma in gyara maka taka."

Ɗan Bauchi ne, shekarunsa ba su kai talatin ba, fuskarsa ta yara, muryarsa a ƙasa-ƙasa. Kafin in gama ɗibar jininsa na raɗa masa Dogo, shi kuma ya daina ce mini Sista ya koma Yaya. Wanda bai yi zaman ƙasar waje ba ba zai gane daɗin da ke cikin wannan kalma ba. Wata goma sha huɗu rabona da gida a lokacin, kuma ba wanda ya kira ni Yaya sai ta waya.

Akwai mutum na uku da ya biyo su, wani Bature mai siririn tabarau, rungume da ƙaramar kwamfuta. Shi ne mai ƙiyasin kulob ɗin, wanda aikinsa shi ne ya faɗi nawa ɗan wasa ya cancanta. Dogo ne ya warware mini zancen yayin da nake ɗaure masa hannu. Musaya aka yi da shi. Tsohon kulob ɗinsa ya ba da shi ya karɓi 'yan wasa biyu a madadinsa, sabon kulob kuma ya gaji kwantiraginsa, amma da sharaɗin za su yi mako biyu suna juya shi su ga ko abin da suka saya ya kai kuɗinsa. Baturen nan ya riga ya lissafa komai: ƙwallo nawa yake jefawa a kwando, nawa yake cafkewa in ta dawo, minti nawa yake yi a fili kafin ya gaji, shekara nawa suka rage masa, har gwiwar da aka taɓa yi masa aiki an sa mata farashi. Abin da ya rage shi ne takardar asibitinmu. In ta fito fes, za a tabbatar masa da shekara biyu cur, kuɗi cikakke, ko ya buga ko bai buga ba. In aka sami ɗigo ɗaya, sai dai a riƙa biyansa wata-wata, ko ma a sai masa tikiti a kai shi filin jirgi.

"Yaya, kin taɓa raka wani sayen ragon Sallah?" ya ce. "A ɗaga ƙafa, a matsa baya, a ɗaga shi a ji nauyi. To haka ake yi da ni tun makon jiya. Haƙorana kawai ba a buɗe ba."

"Kwantar da hankalinka," na ce, "likitan haƙori yana sama yana jiranka."

Muka yi dariya har da Baba. Baturen ya dube mu ta saman tabarau, ya ce mu hanzarta.

Da muka zo awon tsawo sai matsala ta taso. Sandar awon da ke jikin bangonmu a mita biyu ta tsaya, kan Dogo kuwa ya wuce ta. Na ce mu ɗauki abin da ke takardar tsohon kulob ɗinsa, Baturen ya ce ina! Tsohon kulob ya rubuta adadi ɗaya, dillalin Dogo ya faɗi wani, shi kuma ba zai biya kuɗin santimita ɗin da bai gani da idonsa ba. Ni kuwa da rawar kai da son a ce na iya aiki, sai dabara ta faɗo mini. Na ɗauko farin zanen gado na shimfiɗa a ƙasa, na zaro tef da filasta, na ce, "Dogo, cire takalmi ka kwanta. Yalla, yi maza, minti ɗaya ne."

Bai motsa ba. Ya dubi zanen, ya dubi Baba. Baba ya yi gyaran murya, ya ce bari ya je ya duba mota, ya fice bai waiwayo ba. A lokacin ban kawo komai a raina ba, na ɗauka kunya ce irin ta namiji da mace ta ce ya kwanta a gabanta. Na ma tsokane shi, na ce ko sai na yi masa waƙar rarrashi. Ya cire takalmansa a hankali, ya jera su a gefe, ya miƙe a kan zanen. Ya haɗa ƙafafunsa, ya shimfiɗa hannayensa a jikin cinyoyinsa, ya juya fuskarsa dama, ya rufe ido.

Na durƙusa wajen kansa na manna filasta a ƙasa, na rarrafa wajen dugadugansa na manna wata, na ja tef tsakaninsu. Sai da tef ɗin ya miƙe a gefensa sannan na ga abin da nake yi. Ɗakin ya yi tsit, ko ƙarar na'urar sanyi na daina ji. Ga farin zane, ga mutum a miƙe sambal fuskarsa na kallon dama, ga wani a tsaye a kansa ya goya hannu a baya. Nan take na tuna ranar da maƙwabcinmu ya rasu a Tudun Wada ina 'yar shekara tara. Ina leƙe ta katanga na ga wani dattijo ya shiga ɗakin da gawar take da dogon karan dawa, ya fito ya karya shi daidai inda ya riƙe da yatsa, ya miƙa wa samari suka tafi da shi maƙabarta don su san iyakar ramin da za su haƙa. Na san wannan abu sarai, da shi na girma. Shekarun da na yi ina auna 'yan ƙasashe daban-daban ne suka sa na manta cewa a wurinmu ba kowa ake yi wa irin wannan awo ba.

Idonsa a rufe Dogo ya ce, "Yaya, a garinmu ba a auna mai rai a kwance."

Na ce, "Yi haƙuri, ƙanena, wallahi mantawa na yi. Tashi."

"Ai kin riga kin ja. Karanta kawai." Ya buɗe ido ya yi murmushi. "Ki rubuta da kyau, kada a zo nema a rasa."

Mita biyu da santimita goma sha ɗaya. Na rubuta. Baturen ya yi farin ciki, don adadin ya fi wanda tsohon kulob ya rubuta da santimita guda, ya shigar a kwamfutarsa yana gyaɗa kai.

Daga nan muka cike fom. Akwai tambayar da ake yi wa kowa: a danginka akwai wanda ya taɓa mutuwa farat ɗaya yana matashi, ba ciwo ba haɗari? Na karanta masa da Turanci don Baturen ya ji, ya amsa da Turanci cewa babu, na yi alama a gurbin babu. Sannan na manna masa wayoyi ya hau injin gudu. Ya yi gudu kamar wasa, ina ƙara wa injin sauri yana yi mini hira. Layin da na'ura ke zanawa yana tafiya daidai, tudu da kwari, tudu da kwari, ba abin da ya fi shi kyau. Sai da ya sauko ya zauna yana shan iska, wajen minti biyu da tsayawa, sannan allurar na'urar ta rikice. Ta yi wani irin zane mai faɗi, a jere, da sauri, kamar an ba yaro biro ya yi ta kai-komo, na daƙiƙa biyar ko shida, sannan ta koma daidai kamar ba a yi ba. Na ɗaga kai na dube shi. Yana zaune, leɓensa ya yi fari-fari, idonsa a kaina. Ba takardar yake kallo ba, fuskata yake karantawa.

Baturen yana tsaye taku uku daga inda muke, yana danne-dannensa. Dogo ya faɗaɗa murmushinsa, ya saki murya kamar mai ba da labarin ban dariya, ya ce da Hausa, "Kin gani ko, Yaya? Kada ki canza fuska, yi dariya. Babanmu a gona ya faɗi, yana riƙe da fartanya. Yayana kuma a bakin shagonsa, yana ba wani canji. Ko talatin da biyar bai kai ba. Ya bar mini mata da yara huɗu."

Na yi dariyar. Har yau in na tuna da wannan dariya sai in ji kunyar kaina. Baturen ma ya ɗago ya yi murmushi, ganin 'yan ƙasa ɗaya suna raha.

"Dogo, wannan ba abin wasa ba ne," na ce, haƙorana a waje. "Dole likita ya gani."

"In ya gani, khalas, an gama da ni. Jibi ina filin jirgi. Ba kulob ɗin da zai sake taɓa ni, don takarda tana bin mutum duk inda ya je. Yaya, ban iya komai ba sai wannan ƙwallo. Mutum goma sha ɗaya ke ci a tafin hannuna. Shekara biyu kawai nake nema, in gina wa Inna gida, in kai yaran nan wani matsayi, sannan ni da ƙafata zan je wurin likita. Ki rufa mini asiri, don Allah. Ba ni da kowa a garin nan sai ke da Baba."

Dokar aikina ba ta da wuyar fahimta. Duk abin da na'ura ta zana, likita ake kai wa, ba a yanke ko taƙi ɗaya. Amma kuma gaskiya ne cewa wani lokaci gumi yakan sa waya ta motsa a ƙirjin mutum, na'ura ta yi zanen banza. Na san ba haka ba ne. Na ga leɓensa. Sai dai na kama wannan hujja da hannu biyu, don ita ce za ta bar ni in zama Yaya ta gari. Na juya na ce wa Baturen waya ce ta saki, za mu sake. Na ba Dogo ruwa, na bar shi ya huta, na sake manna wayoyin, ya sake gudu. Yana saukowa da minti ɗaya na kashe na'urar. Takarda ta biyu ta fito tsaf, ita na kai wa likita ya sa hannu. Ta farkon kuwa na ninke ta na cusa a aljihun rigata, da na koma gida na sa ta cikin Littafi Mai Tsarki, ban san dalili ba.

Kwana biyar bayan haka aka tabbatar masa da shekara biyunsa. Ya zo har ɗakina da ledar dabino da kilishin da aka aiko masa daga gida da turmin atamfa mai tsada. Ya kama haya a Al Wukair, ya fara shirin kawo matarsa. Ya ce, "Yaya, yadda kika rufa mini asiri, Allah ya rufa naki duniya da lahira." Na amsa da amin, na ci kilishin har da lashe yatsa, ba zan yi ƙarya ba.

Abin da ya fara damuna shi ne filastocin nan biyu. Na manta ban ɓanɓare su ba ranar, mai shara kuma ta yi ta goge ɗakin tana bi ta kansu. Kullum na buɗe ƙofa da safe su nake fara gani, ɗaya wajen kabad, ɗaya wajen injin gudu, da fili a tsakaninsu. Ban san lokacin da na fara kewaye filin ba. Sai wata rana abokiyar aikina ta tambaye ni me ya sa nake bin bango in zan ɗauko auduga alhali ga hanya a miƙe. Na ɓanɓare su a ranar. Bayan kwana uku ƙura ta manne a danƙon da suka bari, alamun suka dawo, baƙaƙe wannan karon. Na goge da sabulu, na goge da sinadarin wanke rauni, na kankare da reza. Su yi kamar sun tafi, mako ya zagayo in gan su. Na san danƙo ne da ƙura, ni ma na yi makaranta. Amma na daina cin abincin rana a ɗakin.

Shi kuwa Dogo sai haskawa yake yi. Baba yakan zo da labari: jiya ya yi kaza, shekaranjiya shi ya ceci kulob. Baturen nan aka ce har ƙarin girma ya samu, don kowa na cewa a musayar nan an yi wa tsohon kulob wayo, an sayi mutum da araha. Wata Asabar da yamma Dogo ya aiko mini da tikiti, na je kallo. Ban san dokokin wasan ba, in na ga mutane sun tashi in tashi. Ana cikin wasa alƙali ya busa, kowa ya nufi benci, sai shi kaɗai ya tsaya a tsakiyar fili. Ya dafa ƙirjinsa da hannu ɗaya kamar mai gaisuwa. Cikin duk jama'ar da ke wurin ya ɗaga kai ya nemo ni, kai tsaye, kamar ya san kujerar. Na shiga ƙirgawa a raina ban sani ba: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sai ya sauke hannun, ya yi mini murmushin nan irin na ranar gwaji, ya ruga wurin koci. Mutanen da ke kusa da ni suka yi ta tafi, sun ɗauka gaishe su ya yi.

Ranar Lahadi na ɗauko takardar daga cikin Littafi na tafi da ita aiki. Sau biyu ina hawa bene har ƙofar likita, sau biyu ina dawowa. In na nuna, aikina ya tafi, lasisina ya tafi, kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, zai soke bizata, ni ma ina da uwa da ƙanne a gida. Na kira Dogo a waya na ce ya zo mu je tare, a ce sabon abu ne ya taso.

"Yaya, saura kaɗan," ya ce. "An kai ginin Inna linta. Bari kakar wasa ta ƙare, na yi miki alkawari."

"Kullum saura kaɗan. Ina jin tsoro, Dogo."

"Ni ma ina ji. Amma kowa da ranarsa, Yaya, ke ma kin sani."

Na mayar da takardar inda take. A raina na ce ai na yi ƙoƙari, na faɗa masa.

Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan gwajin, wata Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina cikin jera kwalaben jini wayata ta yi ƙara. Baba ne. Bai yi sallamar da ya saba ba, bai tambayi aiki ba.

"Sista, kina kusa da fayil ɗin yaron nan?"

"Wane yaro, Baba?"

"Dogo. Tsawonsa ake nema."

Na ce, "Wani kulob ne kuma zai saye shi?"

Ina jin iska tana kaɗawa a inda yake. Sannan ya ce, "Ina maƙabarta, Sista. Jiya da la'asar ya faɗi a wurin tirenin, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan azahar za a yi masa sallah. Kin san a nan kaburbura a haƙe suke a jere, tsawo ɗaya. To babu wanda zai ɗauke shi, sai an ƙara. Masu haƙa suna tsaye suna jira in faɗa musu nawa. Kulob sun ba ni adadi biyu daban-daban. Na ce a'a, akwai wadda ta auna shi a kwance."

Ban buɗe fayil ba, ban buƙata. Ina tsaye, ashe a tsakiyar alamun nan biyu nake, wurin da na yi wata huɗu ina kewayewa. Na ji bakina yana cewa, "Mita biyu da santimita goma sha ɗaya." Baba ya maimaita wa wani da Larabci, ya yi mini godiya, ya kashe waya. Na zauna a ƙasa a wurin na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba, ko ranar da mahaifina ya rasu.

Washegari likitanmu ya sauko ɗakina da fayil ɗin a hannu, idonsa ja. Mutumin kirki ne, yana ta juya takardar da na kai masa yana neman abin da ya tsallake. Ya ce, "Ba komai a nan, tsaf take. Da mun ga ko alama ce, irin wannan ana maganinsa. A sa masa 'yar na'ura a ƙirji, ya bar ƙwallo, ya rayu har ya ga jikoki." Ya dafa kafaɗata ya ce kada in zargi kaina. Na bar shi ya koma sama ban ambaci takardar farko ba.

Bayan sadakar bakwai Baba ya zo. Ya zauna a kujerar da Dogo ya zauna, ya daɗe yana jan carbi. Ya ce kabarin ya yi daidai, ko yatsa ba a ƙara ba. Sannan ya ce akwai abin da ke cin sa. Tun ranar da ya ɗauko Dogo zuwa asibitinmu, a mota, yaron ya sa dillalinsa ya karanta masa wani sashe na kwantiragin ta waya har sau uku. Sashen da ya ce in aka tabbatar da shekara biyun, ɗan wasa kuma ya rasu a cikinsu, za a biya magadansa ragowar gaba ɗaya.

"Da ya ajiye wayar," in ji Baba, "sai ya ce mini, Baba, in sun mayar da ni gida ma faɗuwar zan yi, amma a kyauta. Na ce ya daina irin wannan magana. Ya yi dariya."

Nan na gane cewa duk lissafin da Baturen nan ya yi da kwamfutarsa, bai kai na Dogo ba. Shi ya san ainihin abin da ake sayarwa, ya san farashinsa, ya san wa zai karɓa. Abu ɗaya ya rasa, hannun da zai kashe na'ura da wuri, sai ya tarar da ni ina jiran wanda zai ce mini Yaya. Kuma lissafin nasa da kuskure a ciki, don bai san akwai hanya ta uku ba, wadda zai koma gida ba ƙwallo amma da ransa. Ni na san da ita. Aikina ne in sani, kuma ban taɓa zaunar da shi na faɗa masa ba.

An biya kuɗin cif, ba a rage ko sisi ba, tunda takardar asibiti ta nuna lafiyarsa ƙalau aka ɗauke shi. An gama ginin, yaran suna makaranta. Baba ya ba mahaifiyarsa lambata, ya ce mata ni ce 'yar gidan da ta tsaya wa ɗanta a baƙon wuri. Tun daga shekarar, duk Sallah sai ta kira ni. Muryarta irin tasa ce, a ƙasa-ƙasa. Takan ce, "'Yata, ya sha ba ni labarinki. Yadda kika yi wa ɗana, Allah ya sa a yi wa naki." Ita da zuciya ɗaya take faɗa. Ni kuwa ina da ɗa namiji guda, kuma ban taɓa iya amsa wannan addu'a da amin ba. Sai in ce na gode, Inna, in yi sauri in tambaye ta jikoki.

Takardar tana nan cikin Littafina. Irin takardar nan ce da zanenta ke gogewa da kansa in ta daɗe, yanzu in ka buɗe ta fara ce fat, ba tudu ba kwari, ba wanda zai ce an taɓa rubuta wani abu a kai. Ko yau na so in kai ƙarar kaina ba ni da shaida. Shi ya sa na rubuta wannan.

Abin da na koya, na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya ba. Mu mutanen gida in muka haɗu a ƙasar wani, rufin asiri muka ɗauka shi ne ƙarshen zumunci, kuma sau da yawa haka ne. Amma akwai asirin da in ka rufa wa ɗan'uwanka, kai ma ka sa hannu a abin da zai same shi. Da na hau benen nan na ƙwanƙwasa ƙofa, da Dogo ya tsane ni, da ya daina ce mini Yaya, wataƙila da yanzu yana wani shago a Bauchi yana duƙar da kai a bakin ƙofa, yana zagina duk lokacin da aka ambaci Doha. Na yi shekaru ina roƙon Allah da a ce zagin nan nake sha, ba addu'ar mahaifiyarsa ba. Tun daga ranar, duk abin da na'ura ta zana a hannuna sai ya isa teburin likita, ko na wane ne, ko da wane harshe ya roƙe ni. Kuma in sandar awo ta gaza wa mutum, kujera nake ɗaukowa in hau, in auna shi a tsaye.